Injiniya Ya Wanke Randunan Giya

"Bana ni zan dafa giyar gayya da hannuna," in ji Chenjerai. "Mai sauƙi, irin ta birni. Mutum ya sha tun safe har faɗuwar rana, ƙafarsa ba ta harɗe ba."

A gaban kowa ya faɗi haka, a ƙauyenmu na Chivi. Kai da ba ka san shi ba, Chenjerai ya yi shekara biyu a kamfanin giya a birnin Bulawayo. Gadin ƙofa ya yi. Tun da ya dawo muke kiransa Injiniya, shi kuwa yana amsawa.

Yana da dalilinsa. Bara 'yan gayya sun bugu kafin rana ta take, suka bar masa rabin gonar tamba, tsuntsaye suka ƙarasa girbin. Bana tambar ta nuna, rumbu wayam, tsuntsayen sun fara leƙe. In aka kuma, gidansa sai cin gari na saye har wata kaka.

Surukarsa, Ambuya Shorai, ita ke dafa giyar gidan shekara talatin. Ya je ya durƙusa, ya tafa hannu yadda ake yi, ya nemi aron randunanta.

"Suruki, namiji da dafa giya?"

"Ilimi ne, Ambuya."

"To. Ɗauki huɗu. Kada dai ka wanke su."

Yana isa gida ya leƙa ciki, ya ga wani baƙin abu ya kama jikin randar. Ya kira matarsa.

"Maman Rudo, zo ki ga abin da ke kayar da mutane. Ƙazanta!"

"Baban Rudo, uwar giyar ke nan. Ita ke tayar da sabuwa."

"Mu a kamfani..."

"Ku a kamfani ƙofa kuke buɗewa."

Bai kula ta ba. Ya sa yashi, ya sa sabulu, ya bi da ruwan zafi, har randunan suka yi ja kamar yau aka gasa su. Sauran aikin ya yi shi daidai, ba na cin haƙƙinsa. Ya sayo tamba, ya jiƙa, ta tsira, ya shanya, ya niƙa, ya dafa, ya zuba.

Giyarmu kwana bakwai take yi. Rana ta biyar ya kamata a ji tana tsaki. Chenjerai ya kara kunne. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ya ɗanɗana. Kunu ne, irin wanda ake ba mai jego.

"Je ka roƙi Ambuya ludayi ɗaya na uwar giyarta," in ji matar.

"Ni? In durƙusa sau biyu a wata ɗaya?"

Sai ya tafi kanti, ya ɗauko sukari da yis na burodi, ya zazzaga ba awo, ya lulluɓe randunan da bargo a rana. Kwana biyu suna gurnani kamar bunsuru. Ya ce sautin zamani ke nan.

Ranar gayya mutum ashirin da uku suka zo bakin gona da wuƙaƙensu. To, a wajenmu babu mai kai baki ga giya sai mai gida ya fara sha daga kowace randa, a ga babu guba. Kurɓi ɗaya ya isa. Sekuru Mhike, babban dattijonmu, ya miƙa masa ludayi.

"Ludayi, Sekuru? Kawo ƙwarya. Wannan ai ruwa ne."

Ya cika ƙwarya daga randa ta farko, ya shanye. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce daɗi ne. Ta biyu, ya shanye, ya kwance maɓallin wuya. A ta uku ya juya Turanci, ya tare Sekuru Mhike da hannu, ya ce ba zai wuce ba sai ya nuna katin shiga.

Ta huɗu bai kai gare ta ba. Ya ce bari ya nuna mana yadda ake yankan tamba a ƙasashen waje. Ya yi taku shida cikin gona, ya kwanta rigingine.

Muka tsaya muna kallonsa.

"Mai gida ya ɗanɗana," in ji Sekuru. "Mun gani."

"Guba ce, Sekuru?" wani ya tambaya.

"Ban sani ba. Ni dai jikokina ƙanana ne."

Gayyar da babu giya ba gayya ba ce. Ta maƙwabcinsa Tafirenyika sai gobe, amma giyarsa ta riga ta nuna, Ambuya ce ta dafa. Muka ɗauki wuƙaƙenmu muka yi can.

Tsuntsaye suka sauka da azahar. Maman Rudo da uwarta suka yanki abin da suka iya, kwando biyu. Da la'asar Chenjerai ya buɗe ido, ya ga tsuntsu uku a kan tumbinsa, Ambuya kuma tana tsaye a kansa.

"Ambuya," ya ce, "na dai cika alkawari. Ko ɗan gayya ɗaya bai faɗi ba."

"Gaskiya ne, suruki."

Ta dubi gonar, ta dubi shi, ta juya ga 'yarta.

"Baɗi ki cire masa rigar nan ki rataya a sanda. Mutum-mutumi ko ba komai a tsaye yake gadinsa."