Farfesa Mai Layi Biyu da Ragon Goggo

Duk wanda bai san Muntaka ba, to bai shigo Dutse ba, a tasha ya tsaya. Taubashina ne, amma ba don haka nake yabonsa ba. Mutum ne da Allah ya buɗe wa ilimin kuɗin duniya cikin sati uku, ta hanyar bidiyo huɗu, na huɗun ma bai kai ƙarshe ba data ta ƙare. Tun daga ranar ya daina amsa Muntaka, sai Farfesa. Mu 'yan unguwar Takur muka ƙara masa da Mai Layi Biyu. Ya ce ya karɓa, ai gaskiya ce.

Sana'arsa foreks, wato cinikin kuɗin ƙasashe a cikin waya. Ka sayi dala ba ka taɓa ta ba, ka sayar ba ka gan ta ba. Farfesa kuwa ya gano sirrin abin kaf, ya ce layi biyu ne. Na ƙasa shi ne sapot, daɓen da farashi yake faɗowa ya taka ya yi sama. Na sama rizistans, rufin da yake buga kai ya dawo. Wasu sai sun shekara suna laluben inda layukan nan suke. Shi kafin shayinsa ya huce ya gano su.

Da la'asar yake ba da karatu a bencin Ɗanladi mai shayi, sanye da kwat a tsakiyar bazara, gumi yana bin wuyansa saboda nauyin ilimi. Sai ya ɗaga wayar sama, nesa da hannun jahilai.

"Jama'a, ku dubi kyandiran nan, kore da ja, su ne farashi. Yanzu haka akwai manya a Landan da ba su ci abinci ba, suna jira su ga inda na ja layi. Wata uku ke nan farashi bai tsallake layina ba. Ko sau ɗaya!"

Kuma bai yi ƙarya ba. In farashi ya yi rashin kunya ya leƙa ƙasan daɓe, sai Farfesa ya shafa wayar da babban yatsa, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Nan take ka ga ya koma ya zauna daram a kan layi. Ɗanladi ya taɓa tambayarsa ribar da ya ci zuwa yanzu. Farfesa ya ce wannan tambayar 'yan tireda ce, shi yana matakin nazari.

Jari kawai ya rage masa. Sai ya tuna da ragon Innarmu, ƙanwar babansa, wadda shi yake kira Goggo. A Taura take. Wata goma tana ɗura wa ragon nan dusa da harawa, har ya zama in ya tashi sai turke ya yi ƙara. Niyyarta ta kai shi kasuwar Gujungu kafin Babbar Sallah, ta sayi takin gonar riɗinta. In babu ragon, babu taki, bana gonar ta kwanta.

Ranar Asabar Farfesa ya sauka a Taura da kwat ɗinsa. Ya tarar da ita a tsakar gida tana matsar ƙuli-ƙuli, hannu duk mai. Ya gaishe ta a taƙaice, irin gaisuwar manya masu uzuri, ya buɗe taro.

"Goggo, zamanin ɗaure dukiya a turke ya wuce. Ki ba ni ragon nan. In dala ta taka daɓe in saya, in ta bugi rufi in sayar. Kafin ruwa ya zauna, ba buhun taki ba, motar takin za ki saya, da direbanta."

Ya yi awa guda yana zuba. Inna dai ba ta taɓa musu da mai kwat ba. Har ta kalli ragon irin kallon ban kwana, ta ce to, bari a kira dillali. Sai kuma ta ce, "Ɗan nan, matso da abin in ga inda ragona zai shiga."

Ya matso, yana murmushin malami ga ɗaliba mai ƙoƙari.

"Wanne ne rufin?"

"Na saman nan, Goggo. Bankunan duniya sun kasa ɗaga shi."

"Wannan?"

Ta dangwala yatsa ta ja. Rufin da ya gagari bankunan duniya ya biyo yatsar Inna, baƙi ƙirin. Ashe Farfesa da rula da baƙin alƙalamin nan na maka ya ja layukansa a kan gilashin wayar. Su layukan suna nan daskare, shi kuma hoton farashin ne yake turawa sama da ƙasa har ya zo daidai da su.

Wani da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Ba Farfesa ba. Ya miƙe tsaye.

"Allahu akbar! Kasuwa ta fasa rizistans! Goggo, wannan alamar a saya ce. A kwance ragon yanzu-yanzu!"

Inna ta kalli yatsarta, ta kama gefen zani ta goge layin ƙasan ma.

"To ga daɓen shi ma ya tafi. Muntaka, kasuwar da man ƙuli yake rushewa ba za ta ga ragona ba. Karɓi wannan ka ci a mota."

Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda. Ragon ya je Gujungu, taki ya zo gida.

Amma babban mutum babba ne. Da ya dawo bencin Ɗanladi ya amsa kuskurensa a gaban jama'a, ya ce laifinsa ɗaya, aiki da kayan araha. Washegari ya sayo maka irin wadda ba ta goguwa, ya sake jan layukan, masu kauri. Yanzu in waya ta shigo, sai ya karkata kai ya leƙa ta tsakanin sapot da rizistans kafin ya gane mai kiransa.