Yadda Za Ka Sa Mahaifinka Ya Kalli Talabijin Ba Tare Da Ya Kalli Talabijin Ba

Idan mahaifinka ya rantse ba zai sake kallon talabijin ba, ga shi kuma ƙanwarka ta samu aikin karanta labarai a gidan talabijin, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Hanyar da zan koya maka tabbatacciya ce. An gwada ta a kan mutum ɗaya, ta kuma yi aiki ɗari bisa ɗari. Mutumin shi ne babana, Alhaji Gana mai huluna a Fagge, wanda ko likita bai taɓa sa shi ya canza magana ba.

1. San irin rantsuwar da kake fama da ita

Kada ka taɓa komai sai ka samo kalmomin rantsuwar daidai yadda suka fito. Ta Baba tun zamanin soja take. Ya sayi talabijin mai baƙi da fari, sau uku yana kunna ta da hannunsa, sau uku ana buga badujala, wani mai kaki ya fito ya ce an rushe gwamnati. A na ukun Baba ya gano inda matsalar ƙasar nan take. Ya kyautar da akwatin, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wallahi ba ni ba kallon talabijin, kuma ba za ta sake kwana a gidan nan ba."

Har yau ya yi imani mulkin farar hula a hannunsa yake. Duk zaɓen da aka gama lafiya sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Muna dai iya ƙoƙarinmu." Kada ka kawo masa zancen kaffara, na gwada. Cewa ya yi ciyar da mutum goma ba ya gagarar sa, ƙasar yake tausayi.

Abin da ba na dariya ba shi ne ƙanwata Zara. Wata huɗu ke nan da ta karɓi aikin, bai ce mata uffan ba. In ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya dubi mahaifiyarmu Hajiya Gumsu ya ce, "Ki ce mata lafiya lau." Ƙarshe ta koma gidan gwaggonmu da zama, wai ya fi kusa da wurin aiki, alhali kowa ya san ba nisa ba ne dalili. Ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma za ta karanta labarai karo na farko. Ina son ya gan ta, kuma na san shi ma yana so, bakinsa ne kawai ya ɗaure shi.

2. Tafi Sabon Gari

Nemi mai sayar da kwamfuta wanda ya san dattawa. Nawa Cyprian ne, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na zayyana masa komai, ya saurara kamar alƙali, sannan ya tambaya, "A rantsuwar Baba ya ambaci kwamfuta?"

Na ce a'a, lokacin ko sunanta bai sani ba.

"To ai magana ta ƙare. Gidan talabijin ɗin yana saka labaransa a intanet. Ba eriya, ba akwati. Modem kawai, ɗan abin kama intanet, sai addu'a."

Kada ka yarda ya ba ka baƙa mai faɗin fuska, komai kyanta. Zaɓi tsohuwa, fara, mai ƙaton ƙeya, wadda kowa ya gani zai tuna da ofishin gwamnati ya ji gajiya.

3. Hana ta kama da talabijin

Nan mutane da yawa suke faɗuwa. Talabijin ba inji ba ce kawai, wurin zama ce. Duk abin da aka ɗora a kan kabet a ƙuryar falo, aka lulluɓe da leshi, aka aza masa fulawar roba, ya zama talabijin ko da tukunya ce. Saboda haka ɗora kwamfutarka a kan tebur mara daɗin gani, ka zuba takardu a gefe, ka ajiye biron da ba ya rubutu.

Ka sa ido a kan mahaifiyarka. Na fita alwala minti biyu, na dawo na tarar Hajiya ta shimfiɗa mata leshi. Na cire, ta ce ƙura za ta shiga. Na ce Hajiya ƙura ita ce shaidar aiki.

4. Gyara bakin mutanen gida

Tara kowa ka karanta musu doka. Babu tasha, sai shafi. Babu shiri, sai bayani. Mafi girma duka: a gidan nan ba a kallo, dubawa ake yi. Mai kallo yana jingina da bango ya miƙe ƙafa, mai dubawa yana sunkuyawa ya haɗe gira. Bambancin nan shi ne ginshiƙin aikinka gaba ɗaya, in ya rushe kai ma ka rushe.

Kuma duk lokacin da hoto yake motsi, hannunka ya kasance a kan kibod kana ƙwanƙwasawa. Ba sai ka rubuta komai ba. Masana sun tabbatar cewa ba a taɓa ganin mutum yana buga rubutu a jikin talabijin ba.

5. Jawo shi da sana'arsa

Kada ka gayyace shi. Dattijo in aka gayyace shi sai ya fara tunani. Nemo bayanin da ya shafi sana'arsa a intanet, ka kunna, ka yi kamar ba ka san yana wucewa ba. Ni bidiyon wani bikin sarauta na samo, inda wani babban mutum ya kafa hula a karkace.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa. "Wannan mene ne?"

"Kwamfuta ce, Baba. Ina duba yadda ake sa hula a wasu garuruwan."

Ya matso, ya sunkuya, ya haɗe gira. "Wannan ba sa hula ba ne, cin zarafin hula ne. Koma baya in sake dubawa."

Lura da kalmar da ya faɗa da bakinsa. Daga ranar ya riƙa zuwa bayan la'asar, a tsaye, hannu a baya. Ranar Alhamis ya ce a kawo masa kujera saboda gwiwa. Ranar Juma'a ya tambaye ni, idonsa a kan silin, ko wannan abin yana duba bayanan ƙarfe biyar. Na ce in an matsa masa yana dubawa.

6. Nemo netwok tun kafin ranar

Netwok yana da inda yake so a kowane gida, kuma ba ya taɓa son falo. Namu mun same shi a saman katangar kicin, daidai inda hayaƙi yake fita. Cyprian ya kawo doguwar waya, muka ɗaure modem a kan muciyar Hajiya da kyauron roba. In aka ɗaga muciyar sama aka karkata ta wajen shataletalen Bata, hoto ya fito tar. In hannu ya sauka kaɗan, sai wata 'yar da'ira ta fito tsakiyar fuskar mutum tana juyawa.

Dole wani ya riƙe. Cyprian ya rufe shagonsa ranar Asabar, ranar ciniki, ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Ka nemi irin wannan abokin, ka kuma ba shi turmi ya taka.

7. Shirya wa badujala

Wannan matakin ban san da shi ba sai da ya same ni, kai ka ci riba.

Biyar saura kwata falo ya cika, don Hajiya ta aika wa maƙwabta cewa a zo a yi dubawa. Mata goma sha ɗaya zaune a tabarma, kowacce ta sunkuya ta haɗe gira kamar yadda aka koya mata. Baba ya sa kujerarsa a karkace, fuskarsa wajen taga, ido ɗaya ne kawai yake aiki. Ni ina ƙwanƙwasa kibod.

Sai kiɗan buɗe labarai ya tashi. Ganguna da kakaki na Turawa, dum dum dum.

Baba ya miƙe zumbur, hularsa ta faɗi. "Innalillahi! Kashe! Kashe, sun dawo! Ni na jawo!"

Mata suka hau salati. Cyprian daga kicin yana ihu, "Ya ɗauke ne? In ƙara ɗagawa?" Wata maƙwabciya har ta fara lissafin garin da ya rage mata a gida. Na riƙe hannun Baba na ce ya duba da kyau, ba kaki a wurin, ƙwallon duniya ce kawai take juyawa. Kai dai rage sautin sifika har kiɗan ya wuce.

8. Sallama

Kiɗan ya tsaya. Ga Zara, mayafi ruwan toka, takardu a gabanta, ta rame kaɗan. Na manta da kibod. Ta ɗago kai ta dubi cikin falonmu sosai ta ce, "Jama'a masu kallonmu, assalamu alaikum."

A nan duk aikina ya rushe, kuma ban hango shi ba. Masu kallo ta yi wa sallama, ba masu dubawa ba. Amsa sallama wajibi ne, Baba ne ya koya mana haka tun muna yara. In ya amsa, ya shiga cikin masu kallo a gaban mata goma sha ɗaya. In ya ƙi, ya ƙi sallamar Musulmi. Hajiya ta buɗe baki don ta amsa a madadinsa kamar kullum, ya ɗaga mata hannu.

Ya juya kujerar ta fuskanci kwamfutar. Ya amsa da ƙarfi, har Cyprian ya ji daga kicin ya leƙo don ya ga me ya faru. Muciya ta sauka. Hoton ya tsaya cak, Zara tana duban mu, da'irar nan tana juyawa a kan haɓarta.

Baba bai ce a gyara ba. Ya daɗe yana kallon ta, kallo na gaske. Sannan ya ce da ni a hankali, "Ta ji?"

Ba ni da wani mataki da zan ba ka a nan. Ni dai cewa na yi ta ji.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In muciyar gidanku ta ɓata, in mahaifinka ya kwashe kwamfutar ya kai turakarsa, in ya fara amsa sallamar masu tallar sabulu, in ma gwamnati ta girgiza, tsakaninka da shi ne, kada ka neme ni a Fagge. Ƙaryar da za ka yi masa kuma taka ce, kai za ka san yadda za ka mai da ita gaskiya. Ni da aka tashi na fita ƙofar gida na kira Zara, na ce mata in Baba ya tambaya, ta ji.

"Na ji me?"

"Ya amsa sallamarki."

Sai ta ce, "Shi da kansa? Ko Hajiya ya ce ta gaya min?"

"Da kansa. Har da wa rahmatullahi wa barakatuhu."