Ɗiyata Za Ta Karanto Ƙirƙirarriyar Basira

Jama'a, ku taya ni murna, ku kuma yi mini jaje, don duka biyun a safiya ɗaya suka same ni. Ranar Litinin tun da sanyin safiya na tura babur ɗina layin mai. Rana ta fito ta same ni, ta dake ni son ranta, ni ko ina matsawa kaɗan-kaɗan, har na fara jin ƙanshin fetur kamar na miyar Kirsimeti. Sai waya ta yi ƙara. Sandra ce, ɗiyata ta fari.

"Baba, sun ɗauke ni! Jami'a ta ba ni gurbi!"

Ban san lokacin da na saki babur ba. Na daka tsalle, na rungume wani ɗan acaɓa da ban taɓa gani ba, na bi titi ina taka rawar da tun zamanin da nake golmo, noman neman aure, a gonar surukaina ban taka ba. Kafin hankalina ya dawo, layi ya haɗe, mai ba da mai ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Haka na turo babur har unguwarmu Rikoto, gumi har cikin takalmi, baki har kunne.

Na tarar maƙwabta sun riga ni cika gida. Matata Leah na ta guɗa. Kefas, tsohon soja da muke katanga ɗaya, ya ƙame ya sara wa yarinyar. Malam Talle mai sayar da hatsi ya rufe shago ya zo, shi ne ma ya yi tambayar da ni uban ban yi ba.

"Ɗiyata, mi za ki karantowa? Likita ko lauya?"

"Ƙirƙirarriyar basira, Baba Talle."

Malam Talle ya gyara hula ya dube ni.

"Baban Sandra, mi tac ce? Basira dai da Allah ka badawa? Yanzu ƙera ta akai kamar garma?"

Sandra ta yi dariya ta zaunar da mu. Ta ce na'ura ake koya wa abu ta hanyar nuna mata misalai masu ɗimbin yawa. In ka yi ta nuna mata hoton ganyen dawa mai lafiya da wanda tsutsa ta ci, wata rana manomi zai ɗauki hoton gonarsa, ta gaya masa abin da ya kama ta tun bai ci ƙarfinta ba. Ni da tsutsa ta cinye wa gona bara, sai na ji kamar in goya yarinyar. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Kefas ya ce, "To a nuna mata alkawuran manyanmu gaba ɗaya, mu ga abin da za ta koyo."

Na ce, "Kefas, ka ji tsoron Allah. Na'urar mutane kake so ta yi zafi ta ƙone?"

Ana cikin raha sai Sandra ta sauke murya ta ce akwai magana. An ce kowane ɗalibi ya zo da kwamfutarsa ta hannu. Ita kuwa duk abin da ta sani, a wata waya mai tsagaggen gilashi ta koye shi. Na dubi rumbuna, rumbu ya dube ni, kowa ya kau da kai.

Nan na tuna da alherin Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Kun san shi. Bawan Allahn da ba ya iya ganin ƙyalle a ɗaure bai yanka ba. Bara ya zo da jiniya ya buɗe mana Cibiyar Kwamfuta ta Matasa, ya ce daga yau yaranmu sun kamo Turai, har sun ɗan wuce. Da idona na ga kwamfutoci jere a kan tebura, na yi tafi har hannuna ya yi ja. Na ce wa Sandra ta shirya, gobe za mu je ko aro ne su ba ta.

Gani ya kori ji. Fenti na nan raɗau, allon suna na nan da hoton Mai Girma yana murmushi. Mai gadi ya buɗe mana ƙofa, wata akuya ta fito da 'ya'yanta ta wuce mu ba ko sannu. A ciki tebura ne da ƙura.

"Ina kwamfutocin?"

Mai gadi ya ce, "Ai tun ranar suka wuce. Motar da ta kawo su ita ta kwashe su, akwai wata cibiyar da za a buɗe a gaba."

Kun ji tattali! Wasu ƙasashen sai su yi ta ɓarna, kowace cibiya da nata kwamfutocin. Mu kuwa namu yawon buɗe ido suke yi, kowane gari su kwana guda su sa albarka. Wanda ya ce manyanmu ba su da basira, bai zo nan ba.

Muna fitowa muka ci karo da wani mai babbar riga da ƙamshin turare, Mai Ba Mai Girma Shawara Kan Harkokin Tafi. Da ya ji abin da Sandra za ta karanta sai idonsa ya yi haske.

"Wannan ai 'yar cibiyarmu ce! Irin da muka shuka ne ya tsiro! Ranar Asabar Mai Girma zai zo da kansa a yi hoto da ita."

Sandra ta buɗe baki za ta ce yau ta fara taka wurin, na taka mata ƙafa. Ba don ina son ƙarya ba, sai don an ce za a raba shinkafa.

Da muka koma gida yarinyar ta ce ita ba za ta tsaya a yi ƙarya da fuskarta ba. Leah na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Za ki je. Ni ma zan je, da matan zumuntar coci." Ban tambayi dalili ba. Wanda ya daɗe da aure ya san muryar da ba a yi wa tambaya.

Asabar ta zo. An share kashin akuya, an kafa rumfa. Mai Girma ya iso bayan rana ta karya, ya yi jawabi ya ce Ƙirƙirarriyar Basira tun yana yaro yake sonta. Mai ɗaukar hoto ya ce hoton ba zai yi kyau hannu sake ba. Nan da nan Mai Ba da Shawara ya zaro tasa kwamfutar daga jaka, sabuwa fil, ya miƙa wa Mai Girma, Mai Girma ya miƙa wa Sandra, kowa ya riƙe gefe guda ana murmushi.

Sai Leah ta rangaɗa guɗa.

"Ya ba ta! Jama'a, ya ba ta kyauta! Allah ya sa maka albarka, ranka ya daɗe!"

Matan zumunta suka miƙe da shantu da tulun kiɗa, suka zagaye Mai Girma da waƙar godiya. Kefas ya ƙame ya sara. Malam Talle ya ɗaga hannu yana addu'a da ƙarfi, wai yadda Mai Girma ya ba da wanga abu bai waiwaya ba, Allah shi ba shi bai waiwaya ba, duk taro na amsawa da amin. Masu waya sun ɗaga suna ɗauka. Mai Girma ya dubi jama'a, ya dubi kwamfuta, ya dubi masu ɗauka. Na ga yatsunsa suna saki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallama da ɗan'uwa a tasha.

"E... kyauta ce," in ji shi. "Dama abin da muka zo yi ke nan."

Kafin ya rufe baki Leah ta naɗe kwamfutar a zani ta goya ta a baya. Mai Ba da Shawara ya bi ta yana raɗa, "Mama, akwai ayyukan ofis a ciki." Ta ce, "Allah sarki, ɗana, za mu yi musu addu'a." A ranar na ga mutumin da aikinsa tafi ne yana tafi da hawaye a ido.

Muka rako Sandra gida da kiɗa, ni a gaba ina juyi. Ta zauna ta tura wa Mai Ba da Shawara duk takardunsa da ke cikin kwamfutar, ko ɗaya ba ta buɗe ba, don mu gidanmu akwai tarbiyya. Yanzu haka tana ɗaki tana ta danne-danne, uwarta na zaune a bakin ƙofa da muciya a hannu, ko da wani zai zo neman gyaran kuskure.

Ni dai ina miƙa godiya ga Mai Girma bisa wannan karamci da ya zo masa ba zato. Abu ɗaya ya rage, ranka ya daɗe: cajar tana wurinku. Na aika a karɓo, an ce mini ita ma sai an kafa rumfa an yanka ƙyalle, kuma an tsayar da bikin sai dab da zaɓe.