Ta Bakwai Daga Hagu

Ina sabon malamin dabbobi, aka tura ni rugar Arɗo Buba kusa da Maigatari in ɗebo jinin shanu a kai gwaji, saboda zawo na kashe maruƙa.

Arɗo ya ce, "Malam, in faɗa maka sunan kowace?"

Na ce, "Bari, Arɗo, mu 'yan boko da lamba muke aiki." Na bi yadda suke tsaye a layi na sa wa kwalaben jinin lamba.

Bayan sati uku na dawo ina hura hanci: "Ta bakwai daga hagu ce mai cutar, a ware ta!"

Arɗo ya dubi fararen shanunsa warwatse suna kiwo. "To Malam, ce musu su koma layi."

Har yau in na shiga kasuwar shanu sai na ji, "Malam, hagunka ko hagunsu?"