Kawu Nomau da Tsakin Murya

Inna, yau kwana arba'in da rasuwarki. Labarin ƙanenki zan ba ki, ko kya yi murmushi a inda kike.

Mu uku ne a gidanmu na Malumfashi: ke, da ni mai shagon gyaran sauti a zaure, da Kawu Nomau, mutum mai furfura da zuciyar jariri. Abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Tunda ya ƙyalla ido ya ga kwamfutata ya tare a shagon, wai shi ma ma'aikaci ne.

Wata rana mai maganin gargajiya ya zo a ɗauki muryarsa ta talla. Na ce wa Kawu ya tsaya a ƙofa ya hana duk abin da ke ƙara. Ya kai zakara maƙwabta, ya ɗaure bakin akuya da ɗankwalinki, sannan ya tsaya tsakiyar layi yana kwarara wa masu babur ihu su yi shiru. Da muka kunna abin da aka ɗauka, ba zakara ba babur, ba ma mai maganin. Kawu ne kaɗai tun daga farko har ƙarshe.

Wata rana na zaunar da shi na nuna masa yadda ake rage hayaniya. Na ce manhajar kamar rariya take. Sai ka zaɓo mata inda ba a magana ta gane shuuu ɗin da ke bayan murya, sannan ka ja wani ɗan maɓalli a hankali har ƙarar ta tafi. Na bar masa waƙar wani ango na tafi Funtuwa. Bayan kwana uku na dawo na tarar maɓallin ya matsa taki uku. Kullum da safe yakan taɓa shi sau ɗaya ya koma ya zauna. Ango kuwa har an kai masa amarya ba waƙa.

"Kai ka ce a hankali, ɗan Yaya," in ji shi.

Wata rana kwamfutar ta cika maƙil, ta ƙi motsi. Ashe tun da na nuna masa inda ake sauraron abin da manhajar ta tace ta cire, Kawu ya tuna dokarki ta madafi, cewa in an yi tankaɗe ba a zubar da tsaki, ko kaji sa ci. Duk aikin da na yi, da na juya baya sai ya adana tsakinsa. Kukan janareta, iskar fanka, tarin wani, ɗaruruwa, kowanne da sunansa. Na yi dariya, ke ma kika yi har kina riƙe ciki, na ƙyale shi.

Sai kika tafi. Abin da ya rage mini na muryarki saƙo ɗaya ne, na daƙiƙa arba'in, da kika aiko daga madafi kina tambaya ko na ci abinci. Hayaniya ta yi masa yawa. Na zauna ina tacewa, ina ƙara jan maɓallin, ina so in ji ki ke kaɗai. Hawaye bai bar ni na saurara da kyau ba, na adana a kan na asali ya shafe shi, wayar da saƙon ya shigo kuwa ta riga ta mutu. Washegari na kunna. Kalmomin naki ne, amma muryar ta wata baƙuwa ce, siririya, kamar mai magana daga cikin randa. Da hannuna na tankaɗe ki har kika ƙare.

Haushin kaina na sauke a kan Kawu. Na daka masa tsawa ya fitar mini da tsakinsa daga kwamfuta, kada in sake ganin ko ɗaya.

Wata rana, shekaranjiya ke nan, na same shi da hantsi a ƙofar madafinki, rediyo a kunne, yana gyaɗa kai. Na tambayi abin da yake ji. Ya ce na ce ya fitar, ya fitar, ya zuba a katin memori ya ajiye a kwallarki inda kike ajiye tsaki. Yanzu ya sa katin a rediyo, tsakin saƙonki yake ji, ashe shi ma ya adana da na juya baya.

Na karɓa na kara a kunne. Babu kalma ko ɗaya. Sai ƙarar awarwaronki a bakin tukunya, da tafasar miya, da 'yan tsaki suna bin ƙafarki, da numfashin nan da kike ja kafin ki kira sunana. Can ƙasa kuma ga kaurin muryarki da na tace na zubar.

Na koma shago, na ɗora tsakin a kan garin, wato siririyar muryar nan da na tace, na kunna su tare. Sai ga ki, Inna, cikakkiya, kina tambayata ko na ci abinci. Na amsa miki.

Kawu ya leƙo ya ce, "Ka gama da tsakin? In mayar kwalla?"

Na ce ya mayar. Har yanzu ban gaya wa kowa ba, ko shi bai san abin da ya yi ba. Ke na fara gaya wa.