Ranar da Na Kai wa Agwagwar Katako Wuƙa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a bakin tafkin Fayum ba, ko da kuwa duk wanda ya gan ni ranar ya manta. Lokacin ina zaune a unguwar Faisal ta Alƙahira, na gama karatu, iƙamata, wato takardar izinin zama, saura wata biyu ta mutu, kuma idan ban samu wanda zai ɗauke ni aiki ba, sai dai in tattara komatsaina in bar Alƙahira. Sai abokina Ilyasu, Badamagare mai sayar da turare, ya haɗa ni da Ammu Sabri, wani dattijon Bamisire da ke kai baƙi farautar agwagi da dinya lokacin sanyi. Yana neman mai jin Hausa da Larabci, wanda kuma ya san farauta.

Da ya tambaye ni ko na taɓa riƙe bindiga, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai ni ɗan Nguru ne, a fadama aka yanke mini cibiya, agwagwa kuwa tun ina rarrafe nake harbinta. (Gaskiyar magana, babana tela ne, kuma abin da na taɓa harbi bai wuce kurciya da danƙo ba, ita ma ta tashi.) Ammu Sabri ya ce tamam, ya yi, ranar Asabar zai gwada ni, yana da baƙi biyu, wani Alhaji daga Maraɗi da wani jami'i mazaunin unguwar Zamalek.

Muka isa bayan asuba, sanyi na ratsa ƙashi. Ammu Sabri ya fito da buhun agwagin katako da ya sassaƙa da hannunsa, ya yi musu fenti har da ido. Kowace tana da igiya da dalma a ƙasa don kada ruwa ya tafi da ita. Ya yi mini bayani a tsanake: agwagwa ba ta sauka sai tana fuskantar iska, saboda haka maharbi yakan ba iska baya, a jera na katakon kamar jinjirin wata, a bar fili a tsakiya inda na gaske za su sauka. Idan iska ta juya, dole jerin ma ya juya. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake ina cewa ai haka muke yi a gida.

Ba a jima ba iskar ta juya. Ammu Sabri ya ce, “Yalla ya ibni, maza ɗana, maida su can gefen kara.” Na shiga ruwa har ƙugu, wayyo Allah, haƙorana har kaɗawa suke! Igiyoyin suka harɗe da juna, yatsuna kuma sun sandare. Sai na yi dabara irin ta marar sani: na kunce dalmar guda shida daga cikinsu na zuba a aljihu, na ajiye agwagin inda na ga ruwan ya kwanta, na ce ai katako ba ƙafa gare shi ba. Na koma bukkar karan da aka ba ni, nesa kaɗan da ta baƙin, aka miƙo mini bindiga da sharaɗin kada in harba sai baƙi sun harba.

Hazo ya kwanta a kan ruwa. Ban lura iskar ta sake juyawa ba, yanzu a fuskata take hurawa. Can sai na hango agwagi shida sun doso ni a jere, suna rangaji, ta gaban har da ɗaga ƙirji. Na ɗaga bindiga. Na ce Allah ya kawo mini iƙama har gida, idan na kayar da ko ɗaya, wa zai ƙara tambayar asalina? Sharaɗi ya fita daga kaina, na danna kunama.

Ƙarar ta kusa jefar da ni. Na ga ɗaya ta kife, sai na tuna nama ba ya halatta a wurinmu sai an yanka kafin rai ya fita. Na zare wuƙa, na auka ruwa da gudu, na damƙo wuyanta, na ɗaga murya duk tafkin na ji: “Bismillahi, Allahu akbar!”

Wuƙar ta ce ƙwas.

Na sake gogawa, don kaina ya ƙi karɓar abin da hannuna ke gaya masa. Sai da fenti ya ɓare a tafina na tsaya. Na ɗaga kai, ga garken agwagi na gaske da suka fara sauko wa baƙi sun watse sama saboda harbina, ga mutum uku a tsaye cikin kara sun saki baki. Na daskare, kunya ta rufe ni har na daina jin sanyin. Alhajin Maraɗi ne ya fara magana, a natse kuwa, ya tambaye ni ko ta halatta ko sai ya zo ya riƙe mini ƙafafu. Jami'in ya zauna daɓas cikin laka yana dariya har da tari.

Ammu Sabri bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya shigo ruwan, ya karɓi agwagwar, ya shafa ramukan harsashin da babban yatsa, sannan ya miƙo hannu. Na ciro dalmar ɗaya bayan ɗaya daga aljihu na zuba masa. Ya ce, “Ma'alish ya ibni, ba komai. Da ka ce ba ka iya ba, da na koya maka, kuma da na ɗauke ka.”

Muka dawo Alƙahira. Aikin ya wuce ni, wata biyu suka cika, na hau jirgi na dawo gida. Yanzu idan aka tambaye ni ko na iya abu, ko dafa shayi ne, cewa nake a nuna mini tukuna. Kuma ko kaza matata ta miƙo mini in yanka, sai na jira ta yi kuka kafin in zaro wuƙa.