Yadda Za Ka Biya Ɗan Ƙwallon Kwaleji Ba Tare Da Kwamiti Ya Ji Ba

Kana da kanti, kana da rufin asiri, kana kuma fama da ciwon ƙwallo. Akwai yaro a ƙungiyar kwalejin da kake goyon baya wanda in ya tafi abinci ba zai ƙara yi maka daɗi ba, ga wata kwaleji a Jidda tana ta zawarcinsa. Kana so ka ɗaure shi da ɗan abin duniya. Sai dai dokar kwalejin ta ce ɗalibin da ake koyarwa kyauta saboda ƙwallonsa ba zai karɓi komai daga ɗan waje ba sai kwamiti ya sani ya yarda. In ya karɓa a ɓoye, a fitar da shi daga fili, a yanke masa karatun kyautar.

Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ƙwarzane ba za ka yi ba. Ilimin nan na same shi ne a kan bencin kantin turaren Hamad a unguwar Shisha da ke Makka, inda na daɗe ina shan shayin da ba ni ke biya ba. A gabana Hamad ya gwada su duka a kan Nawaf, mai tsaron ragar ƙungiyar kwalejin unguwarmu, maraya ɗan ajin ƙarshe da ke zaune da kakarsa.

Mataki na 1: Kada ka kira shi biya

Biya kalma ce ta marasa tarbiyya. Kai aiki ka ba yaron. Hamad ya naɗa Nawaf jagoran mahajjata a Mina, albashinsa kuma na tafiya kowane wata, har da watannin da babu kowa a Mina sai tantuna da kyanwoyi. Ban taɓa jin an yi ƙorafi da aikinsa ba. A duk tsawon lokacin nan ko mahajjaci ɗaya bai ɓace a hannunsa ba.

In wani ya tambaye ka me jagora ke yi a watan Rajab, ka ce yana nazarin hanya. Ka faɗa fuska a ɗaure.

Mataki na 2: Kada ka danƙa masa a hannu

Yaro da kuɗi a aljihu, kafin Juma'a ya sayi takalmin da za a hango daga ofishin mudir, shugaban kwalejin. Ka zagaya ta gida. Hamad ya fara da mukayyif sabo, wato na'urar sanyaya ɗaki, don tsohon nasu iska mai zafi yake hurawa yana kuka. Sai firji. Sai kuɗin hayar gidan, wanda ya riƙa biyan mai gida kai tsaye. Kwamiti na iya leƙa asusun ɗalibi a banki, amma ba su da hurumin tambayar firji wa ya kawo shi.

Ga wata hikima kyauta: yaron da kakarsa ke barci cikin sanyinka ba ya zuwa Jidda.

Mataki na 3: Ka san mai bincikenka

Kowane kwamiti yana da mutum ɗaya da ya ɗauki aikin da gaske, sauran shan gahawa suke zuwa. Namu sunansa Abdullateef, Bahaushe haifaffen nan, siriri, mai tabarau, ba ya dariya kafin Azahar. Ba na son mutumin, gaskiya, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa ba na son sa.

Kada ka aika masa turare. Hamad ya aika masa da oud mai tsada, kwalbar ta dawo da yamma ko murfin ba a taɓa ba, da saƙon cewa yana da mura. Daga ranar ya fara bincike. Kafin kwalbar ma bai san da zaman Hamad a duniya ba.

Mataki na 4: Ka horar da yaron

Amsa ɗaya ake koya masa, ita ce bai sani ba. Nawaf bai so ba. Ya zo kanti ya tsaya yana murza yatsu.

"Ammi Hamad, wallahi ni tsoro nake ji. Zango ɗaya ya rage mini in gama kulliya. In lajna, kwamitin nan, ta gane, khalas, ba mu da abin biyan ko wata ɗaya."

"Ya walad, wa zai faɗa musu? Ni? Kai? Je ka tare ƙwallo, ka bar wa manya tunani."

Yaron kuwa ya yi ƙoƙari. Abdullateef ya zaunar da shi a ofis ya juya shi ta ko'ina, bai samu komai ba sai gumi. Har ya fara gajiya. Ya ce zai leƙa gidan su gaisa da tsohuwa, daga nan ya rufe maganar.

Mataki na 5: Tsohuwa

A nan nake so ka ajiye kofin shayinka.

Hamad bai manta da Hajiya Mairama, kakar Nawaf, ba. Ya je har gida ya ce mata abin nan sirri ne, ta ce ko a kabari ba za a ji daga bakinta ba. Kuma ta cika alkawari yadda ta fahimce shi. Ba ta taɓa cewa ana biyan jikanta ba. Abin da Hamad ya manta, shi da aka haifa a Makka ya girma yana lissafi da Larabci, shi ne a gidan Bahaushe ba a yi maka alheri ka gode kai kaɗai. Sai ka nemi masu taya ka. A wurin Hajiya Mairama sirri daban, godiya daban, wanda ya ci alheri ya yi shiru kuma butulu ne.

Mu a benci mun ga alama. Tsofaffi mata sun yi ta tsayawa a ƙofar kanti suna cewa Hajiya ta ce a taya ta godiya. Hamad yana murmushi yana cewa ba komai, don yabo yana yi masa daɗi fiye da ciniki.

Ranar da Abdullateef ya je, tsohuwa ta dube shi ta gane fuskar.

"Kai ba jikan Rabi'atu ba ne? Tare muka yi sayar da abinci a Muzdalifa da kakarka. Zauna, ɗan nan. Nawaf, kawo shahi."

Ya zauna, ya ce gidan da sanyi masha Allah. Ladabi kawai ya yi, ba tambaya ba ce.

"Ai Hamad ne, mai turare. Mukayyif ɗin shi ne, tallaja shi ne, ijar ɗin gidan nan ma shi ke biya. Ga albashi yana ba yaron, bai sa shi ɗaga ko tsinke ba, ya ce shi dai ya tsare masa raga kada ya tafi Jidda. Irin wannan mutumin ina ake samunsa? Don Allah ɗan nan, in ka fita ka biya ta kantinsa ka taya ni godiya."

Nawaf na tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. An ce Abdullateef ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya sha shayin har ƙasa, ya ce, "To, Kaka, zan biya."

Ya kuwa biya. Ina zaune ya shigo, ya ce wa Hamad, "Hajiya Mairama ta ce a taya ta godiya, Allah Ya saka." Ya juya ya tafi ofis ya rubuta abin da ya ji. Ban taɓa ganin mutum yana tafiya a hankali haka zuwa motarsa ba.

Darasi: ka nemi yaron da danginsa ba su da kirki. Sun fi riƙe sirri.

Mataki na 6: In ta fashe, ka zama bawan Allah

Kwamiti ba shi da iko da kai. Kai ba ɗalibi ba ne, ba ma'aikaci ba, ba su da abin da za su ƙwace maka sai kujerar kallo. Da suka kira Hamad ya sa farar jallabiya ya riƙe carbi.

"Maraya na taimaka, ya jama'a. Sadaka ma sai an nemi izinin lajna?"

Suka ba shi haƙuri, suka roƙe shi ya daina zuwa filin har ƙarshen shekara. A waya yake kallo yanzu, ya ce ya fi ganin ƙwallon sosai. Hayar ma ya dakatar, don kada a ce yana raina hukuma. Akwai wani ɗan aji ɗaya mai buga gaba da Hamad ya fara tambayar ko iyayensa na da yawan magana.

Nawaf an cire shi daga ƙungiya, an yanke karatun. Mutanen Jidda da suka ji labari wayarsu ta daina shiga. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba, har na kwana biyu ban ƙara sukari a shayi ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Bai san ka ba, bai san yaronka ba, bencin ma ba nasa ba ne. Karatun da ya salwanta, ko gidan da aka tashi mutane daga ciki, a nemi mai shi, kada a neme ni.

Roƙo ɗaya gare ni. Nawaf bai faɗa wa kakarsa ba. Kullum da safe yana rataya jaka ya ce ya tafi kulliya, ya je ya yi lodin kwali a wani sito har La'asar, da haka yake biyan hayar. Ita kuwa ta ɗauka har yanzu Hamad ne, tana sa shi a addu'a bayan kowace salla, tana tanadin shinkafar walimar gama karatu. In ka haɗu da ita a Shisha ta riƙe hannun rigarka ta ce ka taya ta godiya, kada ka yi mata bayani. Ka ce to, ka je ka taya. Ni ma jiya na je.